Hunhuna, Ba Hurhura Ba

Jawabin Malam Arzika Dodo, ma'aikacin jinya a ɗakin yara, a taron tunawa da marigayi Malam Irmiya Ayuba, Sabon Gari, Sakkwato, watan Maris na 1979.

Da sunan Allah nake farawa, wanda yake rayawa kuma yake kashewa.

Ranka ya daɗe Manjo, wakilin Gwamnan Soja. Allah ya ja zamanin wakilin iyayen ƙasa da ya taso daga cikin gari. Babban likitanmu da sauran likitoci. Rabaran da dattawan ikilisiya. Malamanmu da suka rako mu daga Ƙofar Kware. 'Yan'uwana ma'aikatan jinya da na ɗakin awo. Manoman Kwalkwalawa, waɗanda nake hangowa can baya, an ba su benci sun ƙi, sun shimfiɗa tabarminsu. Sannan waɗanda zaman nan nasu ne: Uwargida Rifkatu, Maman Laraba, da Laraba kanta, da Barnabas, da 'yar auta Martha, da dangin da suka yi kwana biyu a hanya daga Kafanchan. Ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi mana gaisuwar rashi.

An ja mini kunne in yi Hausar rediyo saboda baƙi. Zan ƙoƙarta. Amma in kuka ji wata "munka" ko "sunka" ta kuɓuce mini, ku yi haƙuri, da ita aka yaye ni.

A wurin nan akwai waɗanda suka fi ni ilimi, akwai waɗanda suka fi ni daɗewa da marigayi. Da kwamiti ya ce ni zan yi magana, na tambayi dalili. Suka ce ai ni ne na kai shi inda aka kore shi da sanda, don haka ni ya kamata in faɗa wa jama'a yadda aka yi. To, zan faɗa.

Malam Irmiya ya zo mana a shekarar 1967, ana cikin yaƙi, lokacin da ɗakin awon jini na asibitinmu ya zama ba kowa sai ƙadangaru. Ya sauka da akwatin ƙarfe ɗaya da baƙin keke da amarya. Ya kasance dogo, siriri, mai tafiya kamar an aike shi. Ya kasance mutum ne da ba ya iya wuce yaro mai kuka bai tsaya ba. Ya kasance kuma mai wata Hausa da ta sha ba mu dariya, domin a bakinsa mace da namiji duk "ya" ne. Zai ce, "Matata ya dafa tuwo." Mu ce, "Malam, ta dafa." Ya ce, "To, ta dafa, ya yi daɗi kuwa." Maman Laraba, ga ki nan kina murmushi, kin san ban yi masa ƙarya ba.

Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kun san yadda garin nan ya rikice. Wanda bai sayi babur ba ya sayi rediyo mai kaset. Abokan aikinmu nawa suka ajiye farar riga suka koma 'yan kwangila? An zo har ɗakin awo ana zawarcin Malam Irmiya, aka ce ya zo a yi harkar siminti. Ya ce shi bai san siminti ba, jini ya sani. Ya ci gaba da taka kekensa, masu babura suna wuce shi suna yi masa oda.

A wannan shekarar ce 'yata Sakinatu ta kwanta. Tana da shekara huɗu, tana zaune da mahaifiyarta Atika a gidanmu na gado a Kwalkwalawa, ƙarƙashin ikon mahaifina, Baba Dodo, ni kuma ina aiki cikin gari. Ta yi ƙyanda ta tashi, muka ce alhamdu lillahi. Sai zawo. Zawo ya tsaya, sai kunne ya fara ruwa. Aka yi maganin kunne, sai ƙuraje. Daga baya bakinta ya yi fari fat har maƙogwaro, ko ruwa ba ta iya haɗiyewa sai da kuka. In muka kawo ta asibiti ta yi mako biyu sai ta murmure. In ta koma gida, kafin wata ya mutu ta dawo, kuma kowace dawowa ta fi ta baya muni. Ni da nake jinyar 'ya'yan mutane, tawa ta gagare ni. A unguwarmu kuwa an riga an binne yara biyu da irin wannan ciwo a damina ɗaya.

Kwanciyarta ta huɗu ce Malam Irmiya ya aiko a kira ni ɗakin awo. Ya zaunar da ni gaban madubin likita, wanda ake ganin ƙananan abubuwa da shi, ya ce in duba jinin 'yata. Ya nuna mini fararen ƙwayoyin jini. Ya ce su ne sojojin jiki, su ke yawo cikin jini da nama suna farautar cuta, in suka same ta su kewaye ta su haɗiye, su narkar da ita a cikinsu. Ya ce, "Arzika, na ƙirga sojojin yarinyan nan. Suna nan, ba su ragu ba. Amma na ba su abinci a kan gilashi, ba su ci. Sojojin sun bugu, barci kawai suke yi." Na waiga na duba ƙofa, na ce, "Malam, rage murya, zamanin soja ne." Manjo, ka yi haƙuri, na jini yake nufi.

Sai ya tambaye ni me take ci a gida wanda ba ta ci a asibiti. Na ce kunun gyaɗa, kullum safe da yamma, don ta yi ƙarfi. Ya ce wace gyaɗa? Na ce ta rumbunmu. Ya ce kajin gidanmu fa, suna lafiya? Sai na tuna kajin da ke kiwo a gindin rumbun nan sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, mun ɗauka annobar kaji ce.

Bari in tuna muku yadda abin yake. Bayan farin da aka yi, shekarar da ta biyo Allah ya ba mu ruwa har ya yi yawa, ya ƙi ɗaukewa lokacin kaka. Mutanen da suka sha yunwa ba su jira amfanin gona ya bushe ba, suka kwashe suka zuba a rumbu da danshinsa, don tsoron kada ya lalace a fili. Kuma al'adarmu ce, in aka ɓare gyaɗa, masu kyau a ajiye su iri, waɗanda suka yamutse ko suka canza launi a yi kunu da ƙuli da su. Wato mafi lalacewa ita ke shiga cikin yara. Kuma duk yaron da ya fi rashin lafiya, shi ake ƙara wa kunu. Atika ta yi kuka ranar da ta gane wannan, har yau ba ta son a tuna mata.

Na kawo masa gyaɗar a ƙullin tsumma. Ya fasa, ga wani abu kore-kore mai ruwan ɗorawa kwance a cikinta. Fumfuna ce, abin da mu nan muke kira hunhuna. Ya ce wannan abu da muke hurewa mu ci, rayayye ne, kuma yana da makami iri biyu. Na farko dafi ne da yake zubawa cikin abin da ya kama. Wuta ba ta kashe dafin, ko an soya ko an tafasa yana nan. In ya shiga jiki kaɗan-kaɗan yana taɓa hanta, yana kuma sa sojojin nan kasala: ba su saurin zuwa inda cuta take, in sun je ba su haɗiya, in sun haɗiya ba su iya narkarwa. Na biyu wani ruwa ne mai narkar da abu, irin aikin da ɗanyar gwanda take yi wa nama mai tauri. Da shi fumfuna take narkar da ƙwayar hatsi ta ci. In wata irinta ta samu wurin zama a jikin mutum, a baki ko a huhu, da wannan ruwa take ɓula fata ta shiga, da shi kuma take goge alamar da jiki yake shafa wa cuta don sojoji su gane ta. Ya ce farin da ke bakin Sakinatu wata fumfuna ce daban, wadda a jikin mai lafiya ba ta da ta cewa, amma ta tarar an bugar da masu gadi, ta miƙe ƙafa.

Ya kasance mai gaskiya a kan iliminsa. Ya ce mini abin da aka gani a gilashi ba shi ne duk abin da ke faruwa a jiki ba, kuma masana ba su gama gano kan abin ba. Amma ya ce, "In yarinyan nan ya koma ya sha kunun nan, ba na jin za ka kawo shi na biyar."

Magana ta koma wurin Baba Dodo, domin rumbu nasa ne, ba mai taɓa shi sai da izninsa. Na ce wa Malam Irmiya ya bari ni in yi bayani. Ya ce a'a, girmamawa ita ce ya yi wa dattawa magana da harshensu. Ashe mako guda ya yi yana koyon Sakkwatanci wurin masu shara. Sun koya masa cewa mu nan "fa" "ha" ce, tafi tahi ce, lafiya lahiya ce. Ya riƙe wannan gam.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada ya ɗauko ni a bayan keke. Muka tarar da Baba a gindin bedi, wato darbejiya, da dattawan unguwa su bakwai, kowa gemunsa fari kamar auduga. Aka gaisa, aka kawo ruwa. Malam Irmiya ya gyara zama, ya gyara murya, ya dubi tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce:

"Iyayena, na gano abin da ka kashe muku ɗiya. Hurhura ta."

Na taka masa ƙafa. Ya ɗauka ƙarfafa shi nake yi, sai ya ƙara murya.

"Hurhura ta ka cin ɗiyanku! Tana nan cikin gidajenku, kun saba da ita, ba ku ganin laihinta. Inda duk kunka ga hurhura, ku hid da ita waje, ku sa mata wuta!"

Baƙinmu na Kafanchan, hunhuna ita ce fumfuna, hurhura kuwa ita ce furfura. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, shi Malam ya tuntsura a kai. Kuma kun san abin da ake nufi a ƙasar Hausa in an ce tsoho yana cin yara. Na ga Malam Illo liman ya kai hannu ya shafa gemunsa a hankali. Baba Dodo ya miƙe, ya ɗaga sandarsa.

"Arzika, wanga baƙo naka, mi yac ce? Mu ka cin ɗiyanmu? Mu za a sa ma wuta?"

Na ce, "Baba, hunhuna yaka nuhi, ta rumbu."

"Rumbuna kuma? Ya gama da gemuna ya koma ga rumbuna? Kai baƙo, tashi ka hita! Kak ka koma taka min ƙohwar gida!"

Yau muna dariya, ga shi har Rabaran yana share hawaye. Ranar ba mu yi dariya ba. Mun turo keke har bakin gada. Da na bayyana masa abin da ya faɗa, sai ya zauna a gefen hanya ya dafe kai. Bai damu da sandar ba. Cewa ya yi, "Na rufe ƙofa da bakina, yarinya kuma yana ciki." Magana zarar bunu ce, ta fita.

Aka sallami Sakinatu daga asibiti, na rasa inda zan kai ta. Ɗakina na cikin gari mu uku ne gardawa a ciki. A nan ne ke, Maman Laraba, kika zo ɗakin yara da zanen goyo, ba wanda ya aike ki. Kika ce, "Malam Arzika, ba ni ita." Kika goya ta a bayanki kika kawo ta nan Sabon Gari, kika kwantar da ita tsakanin Laraba da Martha. Kina dama mata kunun acca da aka kawo muku daga gida, kina shafa mata shuɗin maganin baki da likita ya rubuta, har ita da Martha suka koma masu shuɗin leɓe don Martha ta ce sai an shafa mata ita ma. Nama sai daga mahautan cikin gari kike saye saboda ita. Kafin ta kai loma baki sai kin ce, "Sakina, yi bismillarki." Ban taɓa roƙonki wannan ba. Ban kuma taɓa gode miki a gaban mutane ba, sai yau. Na gode.

Labari ya kai wa Baba cewa jikarsa tana gidan mutumin da ya kira shi maye. Ya aiko mini da saƙo: ranar Juma'a a dawo masa da ita, in ba haka ba in nemi wani uban. Jama'a, ku auna mini. Ga ubana, ga 'yata. Ban taɓa yi masa musu ba tunda aka haife ni, kuma na san abin da ke jiran ta a cikin ƙwaryar kunu.

Ranar Alhamis da hantsi Malam Irmiya ya nemi izni a wurin aiki. Ya naɗe madubin nan cikin bargo, ya ɗaure a bayan keke, ya ce in bi shi a ƙasa ina riƙe da shi kada ya faɗi. Haka muka taka har Kwalkwalawa. Bai shiga gida ba, tunda an hana shi. Ya tsaya daga waje, ya cire takalmi, ya durƙusa cikin rana da ƙullin goro a gabansa. Ya yi kusan awa guda a haka. Da Baba ya fito, Malam Irmiya bai yi ko kalma ɗaya ta Sakkwatanci ba. Da Hausarsa ta gida ya ce, "Baba, bakina ya yi laifi, ka hukunta baki. Amma ka ara mini idonka sau ɗaya."

Malam Illo liman ya ce, "Dodo, wanda yad durƙusa ba a bugu nai. Duba mishi."

Aka kafa madubi bisa turmi a gindin bedi, yana karɓar haske daga rana. A asibiti sai an sa gilashin cikin akwatin ɗumi, amma Malam ya ce zafin Sakkwato ya ishe shi. Ya ɗauko allura zai huda yatsansa, sai Baba ya ce:

"Tsaya. Jininka na, jinin ɗan Kahwancan. Wa yas san abin da ku ka ci can? Ɗebi nau."

Ya miƙa yatsa. Malam ya ɗiga jinin Baba a gilashi biyu. Duka biyun ya zuba musu yis, irin na masu burodi, ya ce shi ne zai tsaya a matsayin cuta. A ɗaya kawai ya ƙara ɗigon abin da ya tato daga gyaɗar rumbunmu. Aka rufe, aka jira, aka ci goron. Sannan ya rina su da shuɗi, ya sa na farko, ya koya wa Baba yadda zai rufe ido ɗaya.

Baba ya daɗe yana dubawa. Ya ce yana ganin wasu abubuwa da ƙwallaye a cikinsu. Malam ya ce sojojinsa ne, sun haɗiye yis. Baba ya ce, "Nau na? Ashe ina da mayaƙa." Aka sa gilashi na biyu. Ya duba, ya ɗago, ya sake dubawa.

"Waɗancan sun ƙoshi. Waɗanga ko, ga abinci gabansu, azumi su kai?"

Malam ya ce, "Ba azumi ba ne, Baba. Abin da ke cikin rumbu ne ya kashe musu jiki. Naka na awa ɗaya ne. Na Sakina wata biyar ke nan."

Gani ya kori ji. Baba ya koma ya zauna a kan tabarma har aka kira azahar. Bayan an yi salla ya ce a buɗe rumbu. Malam Irmiya ne ya fara shiga. Gyaɗar duk ta tafi. Geron ma, daga tsakiya zuwa ƙasa ya dunƙule ya yi baƙi, yana wari. Malam ya ce na sama za a iya shanyawa a tsince, sauran kuwa ko dabba kada a ba, a ƙone.

A nan aka sake tsayawa. Baba ya ce, "Ni nig ga ranad da munka tone gidan tururuwa muna biɗar tsaba. Hannuna ba ya sa ma hatsi wuta." Na ce shi ke nan, mun koma gidan jiya. Amma Malam bai yi gardama ba. Ya tambaya, in abu mai daraja ya mutu a nan, yaya ake yi da shi? Baba ya dube shi, ya ce, "Ruhe shi a kai." Malam ya ce, "To, mu rufe shi."

Aka haƙa rami mai zurfi a bayan gari. Abincin rabin shekara muka zuba a ciki, Baba yana tsaye hawaye na bin gemunsa. Malam Irmiya ne ya karɓi fartanya ya fara tura ƙasa. Da aka gama, Baba ya ce a bar Sakinatu inda take har ta warke. Ta yi kwana arba'in a gidan Maman Laraba. Allah ne mai warkarwa, likitoci kuma sun yi nasu, Malam kansa bai taɓa cewa shi ya warkar da ita ba. Abin da na sani shi ne ba ta koma ɗakin yara ba. Sakina, tashi jama'a su gan ki. Ga ta nan kusa da Martha, aji biyu take.

Daga ranar Malam Irmiya ya kasance ba shi da Asabar tasa. Ya kasance yana bin ƙauyukan fadama da tudu da madubi a bayan keke, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya rubuta masa takarda. Wa ya zama mai yi masa tafinta? Baba Dodo. Shi ya ce masa, "Kai riƙe madubi, ni in yi magana, kak ka sa a kashe mu." Su biyu suka koya mana a ɗaga rumbu bisa duwatsu, a gyara jinka kafin ruwa, a daina ba yara gyaɗar da ta canza launi. Suka koya mana gwajin haƙori: kada a zuba hatsi a rumbu sai an ciza ƙwaya an ji ta ce ƙas. Yau a Kwalkwalawa ko yarinya ka aika ta kwaso shanya sai ta ciza. Sunan da ƙauyuka suka san shi da shi kuwa, Malam Hurhura. Yana amsawa da fara'arsa.

Amma ina da ƙara a kansa, kuma zan faɗe ta a gaban iyalinsa. Shi ne yake gaya wa kowa ya ɗaure hanci da ƙyalle kafin ya shiga tsohon rumbu, domin ƙurar nan 'ya'yan fumfuna ce, tana shiga huhu. Shi kuwa sai ya ce ƙyalle yana hana shi jin wari, kuma da wari yake gane rumbun da ya kamu. Wanzami ba ya son jarfa. Ashe tun yana saurayi ya yi tarin fuka, ya warke, amma ciwon ya bar masa kogo a huhu. Bai gaya mana ba. Maman Laraba ta sani, ta yi faɗa har ta gaji.

Bara da kaka ya fara tari da jini. Wata safiya ya kira ni ɗakin awo, ya zaunar da ni a kujerar nan da na zauna shekara huɗu da suka wuce. Ya ce, "Zo ka gaida tsohuwar abokiya." Na duba, ga zare-zaren fumfuna sun yi rassa. Na ce majinar wa ce? Ya yi murmushi, ya nuna ƙirjinsa. Fumfunar ta samu kogon nan ta yi gida a inda sojoji ba su iya kai mata, tana ɓula jijiyoyi da ruwan nan nata. Shi ya rubuta sakamakon da hannunsa ya kai wa likita. An yi abin da za a iya, an kai shi har Zariya an dawo da shi. Ya rasu yana da shekara arba'in da uku.

Kwana uku kafin rasuwarsa Baba Dodo ya zo duba shi. Baba bai taɓa shiga mota ba sai ranar. Ya zauna a bakin gado, ya kama kan Malam da hannu biyu, yana juya shi yana dubawa kamar mai neman ƙwarƙwata. Sannan ya ce, "Ɗana, ko ƙwara guda babu. Ba ka yi hurhura ba." Malam ya yi dariyar da ta sa shi tari. Da ya samu numfashi ya ce, "Baba, ai ita ka kashe ɗiya." Wannan karon kowane harafi ya zauna daidai. Baba ya yi dariya, ya fita baranda ya juya mana baya, ya daɗe bai dawo ba.

Laraba, Barnabas, Martha, ku saurare ni. Za ku ji ana cewa mahaifinku bai bar gida na siminti ba, bai bar mota ba. Gaskiya ne. In abin ya dame ku, ku zo Kwalkwalawa ranar kasuwa, ku ce ku 'ya'yan Malam Hurhura ne, ku ga ko za a bar ku ku zauna a ƙasa. Barnabas, keken nan kada a sayar da shi, ka kusa kai ƙafa.

Maman Laraba, mun ji dangi suna so ki koma gida, ba mu hana ba, suna da gaskiyarsu. Amma ki sani nan ma gida ne. Baba bai iya zuwa ba, ƙafa ta ƙi. Ya aiko ni da damin geron nan da kuke gani a bakin ƙofa, na gonarsa ne, shi ya shanya da kansa. Ya ce in gaya miki da bakinsa, don haka Hausar rediyo ta ƙare: "Ka ce ma ɗiyata Rifkatu, wanga na bana na. Muddin ina da rumbu, tana da dami cikinai, in na mutu Arzika ya ji. Ta ciza ta ji, mun yi shi yadda mijinta yac ce."

Ga zangarniya ɗaya na ciro. Laraba, karɓi ki kai mata.

Muna godiya ga hukuma da ta aiko wakili, ga iyayen ƙasa, ga ikilisiya da ta buɗe mana ƙofa ta ba mu wurin alwala, ga duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah ya maida kowa gidansa lafiya.

Rabaran zai yi tasa addu'ar. Ni zan yi wadda na iya. Ya Allah, kai ka ba mu shi, kai ka karɓe shi, kai ka san abin da ya yi a cikin rumbunanmu. Ka sanyaya zuciyar Rifkatu. Ka tsare abincin talakawa daga ruɓa, ka ƙarfafa masu gadin da ka sa a jinin 'ya'yanmu. Laraba da Barnabas da Martha da Sakinatu, da duk yaran da sunka sha kunu mai kyau saboda shi, Allah ka ja kwanansu, ka ba su hurhurad da shi bai samu ba.

Amin.